An Rage Kuɗin Asibiti, Saura Jinyar Gida: Wa Zai Ɗauki Nauyin Tsofaffinmu?

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, a watan Agusta na 2024 gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar rage kuɗin ayyukan jinya a asibitocin gwamnati da rabi, aka fara aiki da ragin daga ranar 1 ga Satumba. Haihuwa ta zama kyauta, aka kuma soke sefa 150,000, wato jaka 150, da mai ciwon ƙoda yake biya kafin a fara yi masa wankin ƙoda. Tun kafin wannan, daga 2006, doka ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Duk wannan sauƙi ne ga talaka, kuma wanda ya yi abin kirki a gode masa.

Sai dai duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san cewa kuɗin da ake biya a ƙofar asibiti shi ne ƙarami a cikin lissafin. Yaro in ya yi zazzaɓi, kwana uku ko mako guda ya tashi. Tsohon da hawan jini ya kayar, rabin jikinsa ya shanye, kwanansa a asibiti ba ya wuce 'yan makonni, sai a sallamo shi gida ya kwanta shekara uku, ko biyar, ko fiye. A gidan ne ake sayen magani kowane wata, a nemi mai juya shi a kan shimfiɗa don kada bayansa ya yi gyambo, a nemi mai wanke shi, a nemi motar da za ta mai da shi wurin likita, a canza masa abinci. Wannan kashi na jinya babu ragin gwamnati a cikinsa, kuma shi ne yake cinye gona da garke, shi ne yake raba 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Don haka na ga ya kamata mu dubi lamarin tun daga tushensa: me ya canza a zamaninmu, me shari'a ta ɗora mana, kuma wane shiri ya kamata kowane gida ya yi tun iyaye suna tsaye da ƙafafunsu.

Abin da ya canza

Lokacin da Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, matsakaicin tsawon rayuwar ɗan ƙasa bai kai shekara 40 ba. Yau ya haura 60. Wannan ni'ima ce daga Allah, ta hanyar rigakafi da ruwan sha da raguwar mutuwar yara. Amma tsawon rai yana zuwa da cututtukansa: hawan jini, ciwon suga, shanyewar rabin jiki, ciwon ƙoda, yanar ido, matsalar fitsari ga maza, da ruɗewar tsufa. Mafi yawansu ba a warkewa daga gare su, lallaɓa su ake yi da magani har ƙarshen rayuwa. Mai ciwon suga ba ya hutu da magani, mai wankin ƙoda kuwa sau biyu ko uku ake ɗora shi a kan na'ura kowane mako, kowane zama kusan awa huɗu. Ko da wankin ya zama kyauta, mutumin ƙauye sai ya tare kusa da babban asibiti, a nema masa ɗaki da abinci da mai zama da shi.

Kusan rabin mutanen Nijar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su kai uku cikin ɗari ba. Shi ya sa hankalin hukuma da na ƙungiyoyin agaji ya fi karkata ga yara da masu juna biyu, kuma ba su yi laifi ba. Amma ma'anar wannan ita ce magidanci mai shekara 45 yana tsakanin nauyi biyu: 'ya'ya shida ko bakwai a ƙasansa, uba da uwa, wani lokaci har da gwaggo ko kawun da ba shi da kowa, a samansa.

Gidan da ya saba ɗaukar wannan nauyi shi ma ya canza. A da gandu ne: 'ya'ya maza da matansu da jikoki suna cikin gida ɗaya, rumbu ɗaya, tsoho ba ya rasa mai miƙa masa ruwan alwala. Yanzu gona ta rarrabu ta ƙanƙance, ɗa ɗaya yana Yamai, ɗaya yana Agadas ko wurin haƙar zinariya, ɗaya yana Kano ko Legas, wani yana Libiya ko Aljeriya. Abin da ya rage tsakaninsu da tsohon shi ne waya da ɗan saƙon kuɗi. Saƙon nan ma ya yi rauni. Bayan cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar naira da ya biyo baya, jaka guda ta sefa da ake canzawa naira dubu da 'yan kai ta haura naira 2,000 a 2024. Ɗan da yake aiko da naira daga Kano, ko da bai rage ko kwabo ba, abin da yake isa hannun mahaifiyarsa a Maraɗi ko Damagaram ya koma kusan rabi. A wannan gefen kuma takunkumin da ƙungiyar ECOWAS ta sa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, wanda ba a ɗage ba sai a Fabrairun 2024, da rufe iyaka da Benin, sun sa magani ya yi wuya ya kuma yi tsada, kuma wanda ya fi jin jiki shi ne mai shan magani kullum.

Ina hukuma ta tsaya

Fansho a ƙasarmu na tsiraru ne. Ma'aikacin gwamnati yana da asusun CARENI, ma'aikacin kamfanin da aka yi wa rajista yana da CNSS. Manomi da makiyayi da ɗan kasuwa da ɗan kabu-kabu da malamin allo, waɗanda su ne mafi yawan jama'a, ranar da ƙarfinsu ya ƙare ranar ce samunsu ya tsaya. A alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, sama da kashi 40 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijar daga aljihun marasa lafiya yake fita kai tsaye, a Najeriya kuwa ya haura kashi 70. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu, kaɗan ne suka cika.

Akwai maƙwabtan da suka yi wani yunƙuri. Gana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, ta kuma ɗauke wa wanda ya kai shekara 70 kuɗin shekara-shekara. Senegal ta ƙaddamar da shirin duba 'yan shekara 60 zuwa sama kyauta a 2006. Najeriya ta yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya a 2022. Amma ko a can, abin da aka rufe shi ne ganin likita da wasu magunguna. Ƙasashen da suka yi wa jinyar gida tanadi na musamman su ne irin Jamus a 1995 da Japan a 2000, inda a Japan duk wanda ya kai shekara 40 yake fara zuba kuɗi a asusun jinyar tsufa. A Amurka kuwa ɗaki guda a gidan kula da tsofaffi yana cin sama da dala 100,000 a shekara. Mu ba mu da wannan asusun, ba mu da wannan kuɗin, kuma addininmu da al'adarmu ba su yarda a kai uba gidan ajiye tsofaffi alhali 'ya'yansa suna raye ba. Ke nan nauyin yana kan iyali, kuma zai daɗe a kansu.

Abin da shari'a ta ɗora

A cikin Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah Maɗaukaki Ya haɗa umurnin kaɗaita Shi da bauta da umurnin kyautata wa iyaye, sannan Ya ware lokacin tsufa Ya ambace shi shi kaɗai, Ya hana ko da kalmar ƙosawa mafi ƙanƙanta. Malaman tafsiri sun lura cewa ayar ta siffanta tsohon yana wajen ɗansa, a ƙarƙashin kulawarsa, domin a lokacin ne hidima take tsawo, haƙuri yake ƙarewa. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya mai da wani mutum da ya zo neman izinin fita jihadi, ya umurce shi ya koma ya yi ƙoƙarinsa wajen hidimar iyayensa.

Wa'azi a kan wannan muna jin sa kullum. Abin da ba mu cika ji ba shi ne hukuncin kuɗin. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaid da Mukhtasar na Shaihu Khalil, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ne ko mace, ko da iyayen ba Musulmi ba ne. Haƙƙi ne da alƙali yake iya tilasta a biya, ya wuce matsayin alherin da mutum yake yi in ya ga dama. Malaman mazhabar sun haɗa har da ciyar da mai yi wa iyayen hidima, da matar uban. Idan 'ya'ya suna da yawa, zancen da aka rinjayar shi ne a raba nauyin gwargwadon wadatar kowa. Wato attajirin gida ba zai ce a raba daidai da ƙanensa mai tura baro ba, kuma 'ya mace mai albashi ko kasuwanci ba za ta ce ita ta gidan wani ce ba.

Game da magani, magabata sun yi saɓani a kan ko kuɗinsa yana cikin ciyarwa ta wajibi, domin a zamaninsu amfanin magani zato ne. Malaman wannan zamani, irin su Shaihu Wahba Zuhaili na Siriya wanda ya rasu a 2015, sun bayyana cewa buƙatar magani a yau ta zama kamar buƙatar abinci, wani lokaci ta fi ta. Wanda ya ga abin da yake faruwa ga mai hawan jini idan ya bar ƙwayarsa wata guda ba zai yi musu ba.

Akwai hukunce-hukunce uku da ake yawan kuskurewa. Na farko, ba a ba iyaye zakka, domin ciyar da su yana kanka, in ka ba su zakkarka ka kare dukiyarka ne da ita, kuma Ibnul Munzir ya hakaito haɗuwar malamai a kan haka. Na biyu, idan uba yana da dukiyarsa, gona ko gida ko shanu, ita ce farkon abin da za a kashe a kansa, da yardarsa. Abin takaici ne a ga tsoho yana kwance ba magani, 'ya'ya sun hana a taɓa filinsa don kada gādo ya ragu. Dukiyar tasa ce har ransa ya fita, babu wanda yake da gādon mai rai. Na uku, hidimar surukai ba wajibi ba ce a kan matar ɗa a wurin mafi yawan malamai. In ta yi, alheri ta yi, tana da lada, ta cancanci godiya. Wajibin yana kan wanda aka haifa.

Tanadi ba ya karo da tawakkali

Wasu suna ganin yin lissafin jinyar iyaye tun suna lafiya kamar fata ne na sharri, ko ƙarancin dogaro ga Allah. Wannan fahimta ba ta da tushe. Annabi Yusufu Alaihis Salam ya tsara wa Masar ajiyar hatsi ta shekara bakwai saboda fari na shekara bakwai, kuma Alƙur'ani ya ba da labarin a matsayin hikima. Ya tabbata cewa Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallam yakan ware wa iyalinsa abincin shekara. Lokacin da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi rashin lafiya ya so ya sadaukar da mafi yawan dukiyarsa, Annabi bai yarje masa ya wuce sulusi ba, ya nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙo. Bahaushe ma ya ce da sanyin safiya ake kama fara.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a gidaje da yawa matsalar tana wajen jera abubuwa. Ana tara kuɗin biki shekara guda, lefe da kayan ɗaki da anko da abinci, amma takardar magani ta jaka goma tana kwana uku a aljihu. Tsoho yana rasuwa, 'ya'yan da suka kasa haɗa kuɗin awon jini sai su haɗa kuɗin buhunan shinkafa da rumfuna da kujeru na zaman makoki. Kujerar hajji daga Nijar ta haura sefa miliyan uku a 'yan shekarun nan, ga mai maimaita hajji ko umara alhali mahaifiyarsa ta makance da yanar ido, ciwon da aikin da bai kai awa guda ba yake kawar da shi da izinin Allah. Ƙa'ida sananniya ce cewa ba a gabatar da nafila a kan farilla. Ciyar da iyaye mabuƙata farilla ce, maimaita umara nafila ce.

Yadda gida zai shirya

Mataki na farko zama ne. Babban ɗa ko babbar 'ya su tara 'yan'uwa, maza da mata, na gida da na nesa ta waya, lokacin salla ko wani taron dangi, tun babu wanda yake kwance. A sa iyayen a cikin maganar, domin rayuwarsu ce ake tsarawa, kuma su ne suka san inda suke so su zauna. In ana tsoron gardama, a gayyato kawu ko limamin unguwa ya zauna a tsakani.

Na biyu, a kai su awo. Awon hawan jini da na suga abu ne mai sauƙi da ake yi a ƙananan asibitoci, yanzu kuma kuɗin ya ragu. Hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba, sai ranar da ya kayar da mutum. Ƙwayar da ake sha kullum ta fi jinyar shanyewar jiki arha nesa ba kusa ba. A kuma guji maganin bakin hanya da na masu talla a faranti, wanda rana ta gasa kuma ba a san asalinsa ba, domin ƙodar tsoho ba ta da ƙarfin jure shi.

Na uku, a rubuta abin da ake kashewa a wata: abinci, magani, zuwa asibiti, sabulu da shimfiɗa, da ladan mai jinya. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, lissafin ya kama jaka 60, 'ya'ya kuma biyar ne. Mai shago ya ɗauki jaka 25, malamar makaranta 15, direba 10, manomi ya kawo hatsin da ya kai 10, ta biyar da ba ta da samu ita ce take zaune da tsohuwar. Kowa ya san nasa, kowa ya san ranar da zai kawo. Wannan ya fi a bar shi a kan "duk wanda Allah Ya hore wa", domin a ƙarshe mutum ɗaya ne yake ɗauka har ya gaji, sauran kuma kowa yana zaton wani ya yi.

Na huɗu, a buɗe asusun ko-ta-kwana daban da na wata-wata, a riƙa zuba ko kaɗan ne, har ya kai abin da zai riƙe jinyar wata uku zuwa shida. Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Adashi mun gāje shi, kuma tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi a 1991, inda mata suke zubi mako-mako a akwati guda, ya bazu har ƙasashe da dama sun kwaikwaya. Wanda yake ƙauye ya ware tunkiya biyu ko akuya uku da sunan jinyar tsofaffi, ba a taɓa su don suna ko biki. Wanda yake birni ya ajiye a bankin da ba ya mu'amala da riba. A naɗa amintacce guda ya riƙe, wani daban ya riƙa rubutawa, a karanta wa kowa lissafi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya kashe kuɗinsa da niyyar a biya shi daga dukiyar uban, ya faɗa tun farko a gaban shaidu. Wanda ya yi shiru sai ranar rabon gādo ya fito da takardu, shi ya buɗe ƙofar fitina.

Amfanin wannan asusu yana bayyana ranar da ciwo ya zo da dare. Gidan da ba shi da ajiya shi ne yake sayar da saniya a rabin kuɗinta, ko ya jinginar da gona. Jinginar da aka saba, wadda mai ba da bashi yake nome gonar yana cin amfaninta har ranar da aka biya shi kuɗinsa cif, bashi ne da ya jawo amfani, kuma malamai sun sa irinsa a babin riba. Sau da yawa ma gonar ba ta dawowa.

Na biyar, a kula da mai jinya. A mafi yawan gidaje mace ce: 'ya, ko matar ɗa, ko jika da aka cire daga makaranta. Tana barin sana'arta, tana barin barcinta, wani lokaci aurenta yana girgiza, amma ba a sa ta a lissafi domin ba kuɗi take kawowa ba. Adalci shi ne 'yan'uwa su yanka mata wani abu a wata, a riƙa karɓarta tana hutawa, kuma kada a kashe karatun yarinya saboda manya sun ƙi rabon kwana. 'Ya'ya maza su san cewa wanke uba da kai shi bayan gida aikinsu ne tun farko, domin namiji shi ya fi dacewa da tsiraicin namiji, mace da na mace, sai in lalura ta tilasta. Aika kuɗi daga nesa ba ya sauke wannan duka, zumunta a ƙafa take.

Na shida, a tsare dukiyar tsohon da mutuncinsa idan hankalinsa ya fara rauni. Ruɗewar tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, mutane sama da miliyan 55 suke fama da shi a duniya a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Tsohuwar da take fita da dare tana sambatu ba mayya ba ce, mara lafiya ce, kuma jifanta da maita zalunci ne mai girma. A irin wannan hali sayarwarta da kyautarta ba sa zartuwa, sai a je wurin alƙali ko hukuma a naɗa mai kula da dukiyarta. Wanda ya lallaɓa ya sa uba mai ruɗewa ya dangwala hannu a takardar gida, ya ci haram ko da takardar ta wuce a ofis.

Zuwa ga iyayen kansu

Mu da muka manyanta, akwai namu. Mu bayyana abin da muka mallaka da bashin da ake binmu da wanda muke bi, a rubuce, da shaidu. Kada mu raba dukiya duka ga 'ya'ya muna raye mu koma muna jiran abin da za su miƙo, mu bar wa kanmu abin jinya. In za mu yi kyauta mu daidaita tsakanin 'ya'ya, domin Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya ƙi yin shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya keɓe shi da ita. Mu sani kyauta a mazhabarmu ba ta cika sai an karɓe ta a hannu tun mai bayarwa yana lafiya, wadda aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi, kuma babu wasiyya ga magaji. Mai mata ya tuna da su: matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya, ɗaya cikin takwas take samu, in su huɗu ne su raba shi. Wadda ba ta haihu ba ita ce ta fi shiga haɗari, ya kamata a yi mata tanadi ta hanyar halal tun ana raye. Masu shekara 40 da 50 kuma su tuna cewa layin yana matsowa, abin da suka ajiye yau shi ne sauƙin da za su yi wa 'ya'yansu gobe.

Haƙƙin da yake kan jama'a da hukuma

Akwai tsofaffin da ba su da ɗa, ko 'ya'yan nasu su ma mabuƙata ne. Waɗannan suna kan al'umma. Abu Yusuf ya kawo a littafinsa na Haraji cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya ɗauke masa jiziya ya sa aka yanka masa abin ci daga baitulmali. A littafin kuma akwai yarjejeniyar Khalid ɗan Walid da mutanen Hira, wadda ta tanadi ciyar da tsohon da ya kasa aiki. Asibitin Nuruddin a Dimashƙa a 1154 da na Sarki Ƙalawun a Alƙahira a 1284 da dukiyar waƙafi aka riƙe su, ana jinyar mutane kyauta. In haka magabata suka yi har ga wanda ba Musulmi ba, ba mu da uzurin barin tsofaffinmu suna bara a ƙofar masallatan da muka ƙawata da tayil.

Kowane masallacin Juma'a yana iya ƙidaya tsofaffin unguwarsa marasa mai kula, ya ware musu kaso daga zakka da sadaka, ya nemi ma'aikatan lafiyar da suke salla a cikinsa su riƙa awon hawan jini sau ɗaya a wata. Mai hali yana iya yin waƙafin shago ɗaya, hayarsa ta tafi ga maganin tsofaffi, ko ya sayi kujerun guragu da gadajen jinya a riƙa ba da aronsu gida-gida. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a suna iya kafa asusun taimakon juna na lafiya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1985 ta hana inshorar kasuwanci, ta halatta ta taimakon juna, wadda ake kira takaful, kuma Sudan ta fara irinta tun 1979. Ƙofar halal a buɗe take, masu shiga ne suka yi kaɗan.

Ga hukuma kuwa, muna kira da a ɗora a kan ragin 2024: a tabbatar magungunan hawan jini da suga suna samuwa da arha a asibitocin karkara, a duba yiwuwar ɗauke wa masu yawan shekaru kuɗin ganin likita kamar yadda maƙwabta suka gwada, a biya 'yan fansho haƙƙinsu a kan lokaci, a kuma horar da matasa aikin jinyar gida, wanda zai zama sana'a gare su, sauƙi ga iyalai.

Ya ɗan'uwa, in iyayenka suna raye, kada wannan wata ya ƙare ba ka kira 'yan'uwanka kun zauna ba. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya yi addu'ar ƙasƙanci har sau uku a kan wanda ya riski iyayensa cikin tsufa, ɗayansu ko dukansu, amma bai shiga Aljanna ta dalilinsu ba. Allah Ya tsare mu da shiga cikin wannan addu'a. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya ba waɗanda suke raye lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya hore mana abin da za mu sauke nauyin da Ya ɗora mana, Ya kyautata tsufanmu da ƙarshenmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Allah ne Mafi sani.